Buɗe kati ka ci bonas ka rufe, ko riƙe ɗaya ka zauna a kai: wanne ya fi wa mai son tikitin gida daga Amurka?

Juma'ar da ta wuce bayan an idar da salla muna tsaye a wurin ajiye motoci, wani ƙanina da bai cika shekara biyu da zuwa Maryland ba ya miƙo min waya yace Yaya dan Allah duba min wannan. Tallan katin kiredit ne, wai in ya buɗe ya kashe dala 4,000 cikin wata uku za su ba shi foyin 60,000, kuma wani abokinsa ya gaya masa da irin haka yake zuwa Abuja duk Disamba, yana cin bonas sai ya rufe katin ya nemi wani. Tambayarsa ɗaya ce, Yaya wannan abin ba zai ɓata min kiredit ba? Nace masa tsaye a rana ba za mu gama wannan magana ba, bari in zauna in rubuto maka, toh shi ne na ga gara kowa ya gani, don na san ba shi kaɗai tikitin gida ke hana barci ba.

Kafin komai mu raba abu biyu da mutane ke cakuɗawa. Foyin shi ne ladan da banki ke ba ka in ka yi sayayya da katinsa, da shi ake yankar tikiti. Maki kuma shi ne lambar da ke nuna ko kai mai biyan bashi ne, wanda aka fi amfani da shi shi ne na FICO, daga 300 zuwa 850, kuma ana lissafa shi ne daga bayanan da kamfanoni uku ke tarawa a kanka, Equifax da Experian da TransUnion. FICO da kansu sun faɗi yadda suke auna shi: kashi 35 biya a kan lokaci, kashi 30 yawan bashin da ke kanka, kashi 15 daɗewar tarihinka, kashi 10 sabbin abubuwan da ka buɗe, kashi 10 kuma ire-iren bashin. Ka kalli lambobin nan da kyau, buɗe sabon kati da kowa ke tsoro yana cikin kashi 10 ne, sai kuma ya taɓa kashi 15 na daɗewar tarihi, amma biya a kan lokaci da yawan bashi su biyun nan sun kwashe 65. Duk maganar da zan yi a nan take tsaye.

Me ke faruwa in ka buɗe kati? Banki zai leƙa fayil ɗinka, wannan leƙen ana rubuta shi, yana zama shekara biyu a rahoto amma FICO wata 12 kawai yake lissafi da shi, kuma yawanci abin da yake ragewa bai kai maki biyar ba. Wanda ya fi shi ciwo shi ne matsakaicin shekarun katunanka, misali kana da kati ɗaya mai shekara shida ka buɗe sabbi biyu, toh shida raba uku, ka dawo mai shekara biyu a idonsu. Amma kuma sabon kati yana zuwa da sabon limit, wato iyakar kuɗin da banki ya yarda ka kashe da katin, wanda ke rage kason bashinka a cikin jimlar limit ɗinka, shi yasa za ka ga mutum ya buɗe kati makinsa ya ɗan sauka wata biyu uku sannan ya haura ya wuce inda yake da. Na ga wannan a kaina ba sau ɗaya ba.

Rufewa kuwa a nan mutane suka fi yin kuskuren fahimta, ana ta cewa in ka rufe kati tarihinsa ya goge, ba haka bane, katin da ka rufe lafiya ba bashi yana iya zama a rahotonka har shekara goma kuma FICO na ci gaba da ƙirga shekarunsa. Abin da ke tafiya nan take shi ne limit ɗinsa. Ɗauki misali, kana da kati uku, ɗaya dala 2,000 ɗaya 8,000 ɗaya 10,000, jimla 20,000, kuma abin da ke fitowa a sitatimen ɗinka, wato takardar lissafin da banki ke aiko maka duk wata, 3,000 ne, kashi 15 kenan. Ka rufe na 10,000 ɗin, kuɗin da kake kashewa bai canza ba ko sisi amma yanzu 3,000 cikin 10,000 ne, ka koma kashi 30, makinka zai faɗo kuma kai ba ka yi laifin komai ba a ganinka. Daɗin abin dai shi ne wannan ɓangaren ba ya riƙo a yawancin lissafin da bankuna ke amfani da shi, wata mai zuwa in ka biya kafin sitatimen ya fita makin zai dawo. Wanda ba ya dawowa da wuri shi ne jinkirin biya, in ka wuce kwana 30 aka kai rahoto, shekara bakwai yana nan liƙe da sunanka.

Toh yanzu hanyoyin. Ni uku na sani, kuma duk ukun na ga masu bin su a cikinmu.

Ta farko ita ce ta abokin ƙanin nawa, buɗe, ci bonas, rufe, sake buɗe wani. Ba zan ce ba ta aiki ba, tana aiki wallahi, foyin 60,000 ko a darajar senti ɗaya kowane foyin dala 600 ne, in ka iya tura su kamfanin jirgi a lokacin da ya dace suna wuce haka, mutum ya yi kati uku huɗu a shekara ai ya haɗa tikitinsa da na uwargida. Sai dai bankunan ba barci suke ba. Bankin Chase na da abin da ake kira 5/24, ba su rubuta shi a fili ba amma duk mai wannan harka ya san shi, in ka buɗe kati biyar cikin wata 24 ko daga wane banki ne, yawanci ba za su ba ka nasu ba, har katin da wani ya saka sunanka a kai yana iya shiga lissafin. American Express kuma a ƙa'idarsu bonas ɗin kowane kati sau ɗaya ne, in ka taɓa riƙe shi ba lallai su sake ba ka ba, kuma sun rubuta cewa in ka rufe kafin wata 12 suna iya ƙwace bonas ɗin. Capital One su an san su da leƙa duka kamfanoni ukun nan lokaci ɗaya in ka nemi kati. Ga kuɗin shekara da ake biya don riƙe katin, Sapphire Preferred na Chase dala 95, Venture X na Capital One 395, Sapphire Reserve a 2025 suka kai shi 795, Platinum na American Express, wato Amex, shi ma a shekarar ya koma 895. Waɗannan manyan suna zuwa da wasu rangwame na otal da abinci da falon hutawa a filin jirgi, amma ka tambayi kanka tsakani da Allah ko da ma can kana kashe kuɗi a waɗannan abubuwan, in ba ka yi toh ba rangwame bane, ƙarin kashe kuɗi ne.

Babban ramin wannan hanya ba makin bane, sharaɗin kashe kuɗin ne. Dala 4,000 cikin wata uku ya fi 1,300 a wata, in kuɗin cefanenka da mai da inshorar mota da bil ɗin waya sun kai haka toh madalla, ka maida su kan katin ka biya duka ƙarshen wata shikenan. Amma in ba su kai ba, ga abin da ke faruwa: saura sati biyu wa'adi ya cika saura dala 1,500, sai mutum ya shiga sayen abin da bai shirya ba, sabuwar waya, talabijin, turaruka da agoguna wai tsarabar gida, ya ci bonas ya bar bashi a kati. Ruwan katin kiredit a Amurka yanzu ya haura kashi 20 a shekara, in ka bar 4,000 a kati mai kashi 24 dala 80 ke hawa duk wata, kafin shekara ta zagayo ka biya kusan 960 don ka ci foyin na 600, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Sannan wani abu da mu ke yawan faɗawa, tura kuɗi gida da katin kiredit don a cika sharaɗi, sau da yawa banki na ɗaukar wannan a matsayin cirar tsabar kuɗi, akwai caji a kai, ruwa yana fara hawa tun ranar ba jira, kuma ba ya shiga lissafin bonas ɗin ma. Kuɗin Hajiya ka tura shi daga akawun ɗinka na banki kamar kullum.

Kuma hanyar tana son mutum mai tsari sosai. Kati bakwai ranar biya bakwai, kowanne da ranar da kuɗin shekararsa ke faɗowa, kowanne da ranar cikar wa'adi. Mai aikin dare a asibiti ko mai tuƙa Uber awa goma sha biyu, ga yara ga makaranta, kati ɗaya ya sha masa kai da bashin dala 40 na wani abu da ya manta ya yi rajista, an kai rahoton jinkiri, duk tikitin da ya ci bai kai wannan asarar ba.

Ni kaina na ƙone a nan shi yasa nake maganar da zafi. Shekarun baya na rufe wani kati saboda kuɗin shekara ya faɗo, na kira na ce a rufe, matar tace an rufe, na yi godiya na ajiye waya. Bayan 'yan watanni Baba ba shi da lafiya ina neman tikitin gaggawa, na shiga in duba foyin ɗin da na fi shekara ina tarawa, babu ko ɗaya, ashe foyin na banki a jikin katin suke zaune, in ba ka da wani katinsu mai irin wannan foyin ɗin ko ba ka tura su kamfanin jirgi ba kafin ka rufe, suna iya tafiya tare da shi. Ina zaune a kicin ƙarfe biyun dare da kwamfuta a gabana ina ta sabunta shafin kamar za su dawo. Da kuɗin da na ware na haya na sayi tikitin nan. Mayil ɗin, wato foyin da suka riga suka shiga akawun ɗinka na kamfanin jirgi, na Delta ko United misali, su ba ruwansu da rufe kati, amma na banki ka kwashe su tukuna kafin ka ɗaga waya.

Hanya ta biyu ita ce ta dattawanmu, kati ɗaya ko biyu marasa kuɗin shekara, a riƙe su shekara da shekaru, a biya duka duk wata, a karɓi ɗan kashi 1.5 ko 2 da ake maidowa. Makinsu kullum a sama yake, hankalinsu a kwance, ba takardar lissafi ba tunin komai. Abin da suke rasawa shi ne bonas, kuma ba ƙarami bane, mai kashe dala 1,500 a wata a kati mai kashi 2 dala 360 zai samu a shekara, bonas ɗaya ya kusa ninka wannan. Ba abin da zan ƙara a kanta, hanya ce mai lafiya, kuma ga mutane da yawa ita ce daidai.

Ta uku ita nake bi yanzu kuma ita nake ba mutane shawara in sun cika sharuɗɗan da zan faɗa. Ka buɗe a hankali, kati ɗaya a shekara ko biyu in ya yi yawa, kuma ka daidaita shi da lokacin da da ma kana da babban kashe kuɗi, kuɗin inshora na wata shida, gyaran mota, ko ma tikitin kansa. In shekara ta zagayo kuɗin shekara ya faɗo, kar ka ce a rufe, ka kira ka ce kana so a sauya maka shi zuwa wani katinsu marar kuɗin shekara, misali Sapphire Preferred ana iya maida shi Freedom, akawun ɗin na nan, shekarunsa na nan, limit ɗinsa na nan, ba sabon leƙe. Wani lokacin ma kana cewa kana tunanin rufewa sai su yi maka tayin foyin don ka zauna, ba kullum ba amma tambaya ba ta cin kuɗi. In kuma dole sai an rufe, wasu bankunan suna yarda a maida limit ɗin kan wani katinka nasu kafin a rufe, ka tambaya. Katinka na farko kuwa, ko da ɗan ƙaramin nan ne da ka ajiye dala 300 jingina aka ba ka lokacin da ka zo, in ba ya cin kuɗin shekara ka bar shi, ka ɗora masa ƙaramin bil ɗaya ka sa biya ta atomatik don kar banki ya rufe shi da kansa saboda rashin amfani.

Sai maganar da masu talla ba sa faɗa, shin foyin ɗin ma yana kai mutum gida? Yana kaiwa amma ba yadda ake zato ba. Delta na tashi daga Atlanta zuwa Legas, United daga Washington Dulles zuwa Legas, mai zuwa Abuja yana da British Airways ta Landan, Air France ta Faris, Lufthansa ta Frankfurt, Turkish ta Istanbul, mai son sauka Kano kai tsaye kuma Ethiopian ta Addis Ababa ko EgyptAir ta Alƙahira ko Qatar ta Doha. Ethiopian da EgyptAir da Turkish da Lufthansa duk ƙungiya ɗaya suke da United, wato Star Alliance, don haka mayil ɗin United na iya yankar kujera a cikinsu, kuma foyin ɗin Chase ana tura su United da Flying Blue na Air France da British Airways, na Amex ana tura su Delta da Flying Blue da Qatar, na Capital One da Citi suna zuwa Turkish. Wato kafin ka zaɓi kati ka fara sanin filin jirgin da za ka sauka da kamfanin da ke zuwa can, ba girman bonas ba. Matsalar ita ce lokacin da duk muke son tafiya, Disamba da hutun bazara da Salla in ta faɗo cikin hutu, shi ne lokacin da kujerun foyin ke ƙaranci, mutum ɗaya mai sassaucin rana zai samu, amma mai mata da yara uku da ke son kujera biyar a jirgi ɗaya ranar 20 ga Disamba sai ya yi da gaske, ya fara nema wata goma kafin lokaci. Kuma ba kyauta bane gaba ɗaya, haraji da wasu caji kai za ka biya da kuɗi, a wasu kamfanonin musamman masu bi ta Landan cajin na iya kai ɗaruruwan daloli. Sannan in ka tura foyin daga banki zuwa kamfanin jirgi ba sa dawowa, don haka ka ga kujerar da idonka tukuna kafin ka tura.

Akwai batun riba wanda ba zan tsallake ba don na san yana damun da yawanmu. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi a zamanta na Riyadh a shekarar 2000 ta ce bai halatta a yi mu'amala da katin da aka sharɗanta ruwa a cikinsa ba, ko da mutum ya yi niyyar biya kafin ruwan ya hau. Wasu malaman da ke zaune a ƙasashen Yamma sun sassauta saboda buƙata, da sharaɗin a biya duka a kan lokaci, tunda a nan ko hayar gida za ka kama sai an duba kiredit ɗinka. Ni ba malami bane, kowa ya tambayi wanda ya amince da iliminsa, amma abin da nake gani shi ne in buƙata ce ta sa aka sassauta, toh riƙe kati ɗaya biyu don rayuwa daban, tara kati goma don farautar bonas daban, kuma duk katin da ka ƙara ka ƙara ƙofar da ruwa zai iya shigowa ranar da ka yi mantuwa.

Wanda ke shirin sayen gida cikin shekara ɗaya kuwa, ko ta banki ko ta kamfanonin da ke yi a tsarin Musulunci irin su Guidance Residential, duka suna duba kiredit, toh ya ajiye maganar bonas gaba ɗaya, kar ya buɗe kar ya rufe. Masu ba da kuɗin gida suna janyo makinka daga kamfanoni ukun nan su ɗauki na tsakiya, suna tambayar dalilin kowane sabon leƙe, kuma 'yan maki kaɗan na iya sauke ka daga wani mataki zuwa na ƙasa, bambancin da za ka biya shekara 30 ya fi tikiti goma. Haka mai neman canza gidan haya ko ɗaukar mota nan da 'yan watanni.

Shi ƙanin nawa ga abin da na gaya masa. Katinsa ɗaya ne, wata 18 da buɗewa, limit dala 1,500, fayil ɗinsa siriri ne, irin wanda sabon kati ɗaya ke girgizawa fiye da na wanda ya shekara goma, kuma abin da yake kashewa a wata bai kai dala 900 ba in an cire haya. Nace masa wannan tayin na 4,000 ba naka bane bana. Ka shiga AnnualCreditReport.com ka sauke rahotonka kyauta ka tabbatar ba kuskure a ciki, ka sa biya ta atomatik na duka kuɗin sitatimen ba mafi ƙaranci ba, ka roƙi bankinka su ƙara maka limit, in kana son kati na biyu ka nemi marar kuɗin shekara mai ƙaramin sharaɗi irin na dala 500 cikin wata uku. Baɗi in Allah ya kai mu, lokacin da za ka biya kuɗin makarantar matarka da inshorar mota a wata ɗaya, sai ka zo mu zauna mu duba wanda foyin ɗinsa ke zuwa Kano.